Kundin aiki: manhajojin gasar poka, abin da suke lissafawa da inda suke tsayawa

6 ga Satumba, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne rubuta darasi da Hausa kan lissafin yanke shawara, domin ɗaliban da ke koyon rubuta manhaja a wurina. Misalin da na zaɓa shi ne gasar poka, wasan kartar da ya shahara a Amurka, saboda yana cikin wasannin da masana suka fara gwada wannan fanni da su. John von Neumann ya kafa hujjar ka'idarsa ta wasan mutum biyu a 1928, kuma a babban aikin da suka fitar shi da Oskar Morgenstern a 1944 akwai ɗan ƙaramin samfurin poka. A wasan dara kowa yana ganin komai a fili. A poka ba ka ganin katin abokin karawarka, shi ma ba ya ganin naka, kuma yana iya yi maka burga da hannun banza.

Babu kobo a cikin wannan aiki. Caca haramun ce a addinina kuma ba na kusantarta. Duk ƙwandalar da zan ambata lamba ce a cikin kwamfuta.

Nau'in da ake bugawa a manyan gasa shi ne Texas Hold'em: kati 52, kowa a ba shi biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya. Hannun farko yana iya zuwa ta hanya 1,326, waɗanda ke dunƙulewa su zama iri 169. A gasa kowa yana biyan kuɗin shiga ɗaya, a ba shi tulin ƙwandaloli daidai da na kowa, zubin dole, wato abin da ake zubawa bi da bi kafin a ga kati, yana ta hauhawa, wanda tulinsa ya ƙare ya fita. A babbar gasar poka ta duniya, WSOP, ta Las Vegas a 2024 mutum 10,112 suka shiga a kan dala 10,000 kowanne. Wanda ya yi nasara ya tattara ƙwandalolin gasar kakaf, amma dala miliyan 10 ya karɓa daga cikin kusan miliyan 94. Ke nan ƙwandala daban, kuɗi daban, kuma wannan tazara ce manhajoji irin su ICMIZER da HoldemResources Calculator suke ƙoƙarin aunawa. Zan rubuta nawa ƙanana da yaren Python, in gwada su da abin da manyan suka bari a taɓa kyauta.

14 ga Satumba

Manhajar farko ta tashi. Ita ce ta ICM, lissafin da ke mayar da tulin ƙwandala zuwa rabon kyauta. Asalinsa ba daga karta yake ba. David Harville ne ya fitar da shi a 1973 domin tseren dawaki, daga baya Mason Malmuth ya kawo shi poka a 1987. Zato biyu ne kacal a ƙarƙashinsa. Na ɗaya, damar ka zo na farko daidai take da kasonka na ƙwandalolin da ke tebur. Na biyu, idan wani ne ya zo na farko, sai a cire shi, a maimaita lissafin a kan waɗanda suka rage domin neman na biyu, haka har ƙasa.

Na gwada da mutum uku masu 5,000 da 3,000 da 2,000, kyauta kuma kashi 50 da 30 da 20. Mai 5,000 yana da rabin damar zuwa na farko. Damarsa ta zuwa na biyu ita ce 0.3 sau 5/7, a haɗa da 0.2 sau 5/8, wato kusan 0.339. Sauran 0.161 na uku ne. Idan aka ninka kowanne da kyautarsa aka tara, rabonsa kashi 38.4 ne. Na tsakiya 32.75, ƙaramin 28.9. Mai rabin ƙwandalolin tebur bai kai kashi 40 na kuɗin ba, mai kashi 20 kuwa ya kusa 29. Na yi da biro, na yi da manhajata, na duba da ta kasuwa, duk bakinsu ɗaya.

Matsalar da ta biyo baya ta nauyi ce. Mutum tara suna iya jeruwa ta hanya 362,880, wannan kwamfutata ta ɗauka. Mutum 20 kuwa lissafin ya haura biliyan sau biliyan biyu. Na sauya tsari, na riƙa ajiye amsar kowane rukuni na waɗanda suka rage maimakon bin kowane jeri, sai tara ya koma 512, 20 ya koma miliyan ɗaya da 'yan kai. Ga gasar da ta rage mutum ɗaruruwa ko wannan ba ya isa, dole a koma ƙiyasi ta hanyar jefa ƙuri'a sau da yawa a ɗauki matsakaici.

27 ga Satumba

Yau na shiga wurin da ICM ya fi amfani, wato bakin kyauta: saura mutum huɗu, uku za a biya, kashi 50 da 30 da 20 kamar da. Kowa na da 2,500, don haka rabon kowa kashi 25. Wani ya tura tulinsa duka, ni ne zan amsa ko in janye. Idan na amsa na ci, ina da 5,000 a gaban masu 2,500 guda biyu, rabona ya zama 38.3. Idan na faɗi, na tashi da sifili. Ina sa 25 a wuta domin neman ƙarin 13.3. Kafin amsawa ta biya, sai damar cina ta haura kashi 65, in an ajiye zubin dole gefe.

A da K, kati biyu mafiya girma, masu launi daban, hannun da ɗan wasa ke murna da shi, yana cin hannun da aka zaro da ka kusan kashi 65 ne. Ko da mutumin yana turawa ido rufe, da kyar aka yi canjaras.

Akwai wanda ya fi wannan tsanani, a gasar share fage inda kyautar kujera ce kuma duk kujerun darajarsu ɗaya. Kujera uku, mutum huɗu: mai turawa yana da 4,500, ni 4,000, sauran biyun 1,000 da 500. Idan na janye, ICM ya ba ni kashi 96.7 na samun kujera. Idan na amsa da A biyu, hannun da babu na sama da shi a wasan, ina ci kusan kashi 85. Ajiye shi ya fi. Wani ɗalibina ya kalli allon ya ce, “Malam, anya manhajar ba ta lalace ba?” Na ba shi takarda ya bi jerin guda shida da hannunsa, ya samu abin da ta samu. A irin wannan wuri manhaja ta fi zuciyar mutum gani, kuma ya kamata a faɗi haka ba tare da ƙyashi ba, tunda sauran kundin nan kusan duk a kan gazawarta zai kasance.

11 ga Oktoba

Na koma ɗaya ɓangaren, manhajojin da ke nemo dabarar da ba a iya ci da ita, wadda ake kira daidaiton Nash, da sunan John Nash da ya bayyana shi a 1950. Hanyar da aka fi sani ita ce CFR, wadda Martin Zinkevich da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 daga Jami'ar Alberta ta Kanada. Manhaja tana buga wasa da kanta. Bayan kowane zagaye sai ta duba kowace mararraba ta auna da-na-sanin abin da ba ta yi ba, zagaye na gaba ta ƙara karkata ga abin da ya fi tara da-na-sani. Matsakaicin duk abin da ta buga shi ke gangarawa zuwa daidaito.

Na gwada a kan ƙaramin wasan da Harold Kuhn ya ƙirƙira a 1950: kati uku, J da Q da K, mutum biyu, kowa ya zuba ɗaya. An san amsarsa tuntuni, mai fara wasa yana asarar 1/18 a kowane hannu. Tawa ta sauka a kan 0.0556, daidai ke nan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda burga ta fito da kanta ba wanda ya koya mata. Mai farawa yana zubawa da J, katin da ya fi kowanne rauni, wani lokaci, kuma yana zubawa da K ninki uku na hakan. Amma yawan burgar ba lamba ɗaya ba ce. Ko ina daga sifili zuwa kashi ɗaya cikin uku daidai ne, muddin an riƙe wancan ninki. Da na sauya wurin farawa sai ta ba ni wata lambar, ita ma sahihiya. Wanda ya haddace lambar da ya gani a allo yana zaton ita ce gaskiya guda, ya haddace ɗaya ce daga cikin amsoshi marasa iyaka.

19 ga Oktoba

Karatu kawai na yi a wannan mako, wuta ba ta zauna ba. A 2015 Michael Bowling da tawagarsa a Alberta suka sanar da manhajar Cepheus, wadda ta kusa warware poka ta mutum biyu mai ƙayyadadden zubi. A Janairun 2017 Libratus, ta Noam Brown da Tuomas Sandholm na Jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da ƙwararru huɗu a Pittsburgh, hannu 120,000 cikin kwana 20, ta doke su. A 2019 Pluribus ta yi nasara a teburin mutum shida.

Abin da na ja wa layi: ba ɗayansu da ya buga gasa. A karawar Libratus da ta Pluribus ana mayar da tulin kowa yadda yake bayan kowane hannu, ba mai fita, ba zubin dole mai hauhawa, ba matakan kyauta. Masu Pluribus da kansu sun rubuta cewa da zarar 'yan wasa sun wuce biyu, bin daidaiton Nash ba ya ba da tabbacin da yake bayarwa a wasan mutum biyu.

2 ga Nuwamba

Manhajar tura-ko-janye ta mutum biyu ta kammala. Idan tulin ya kai ninki goma na babban zubi (zubin dolen da mai amsawa ke sawa, mai farawa kuma yana sa rabinsa), mai farawa yana tura kusan kashi 58 na hannuwansa, ɗayan yana amsawa da kusan 37. Ya yi daidai da jadawalin da aka saba gani.

Sai na ɗaure hannun mai amsawa, na ce kashi 20 kawai yake amsawa, kamar yadda mai tsoron fita zai yi. Ɗauki 7 da 2 masu launi daban. Janyewa asarar rabin zubi ce. Idan na tura, sau 80 cikin ɗari ya janye na ci zubi ɗaya. Sau 20 ya amsa, ina ci kusan kashi 30, wato asarar zubi huɗu a matsakaici. A tara: 0.8 a cire 0.8, sifili. Sifili ya fi asarar rabi. Hannun da jadawali ya ce a yar ya zama na turawa, kuma ba abin da ya canja sai zaton da na yi wa mutumin.

Haka abin yake a manyan manhajoji irin su PioSolver. Kai ne za ka rubuta mata hannuwan da kowane ɓangare zai iya riƙewa, kai ne za ka zaɓi girman zubi biyu ko uku da za a yarda da su, domin in ka bar kowane girma a buɗe babu ƙwaƙwalwar kwamfutar da za ta ɗauka. Kati ukun farko na tsakiya kaɗai suna zuwa ta hanya 22,100, ko 1,755 in an haɗe masu kama da juna. Manhajar kamar tela take, awon da ka kai masa shi zai ɗinka, kuma ɗinkin zai yi kyau ko da awon na wani ne. GTO Wizard ta sauƙaƙa wa mutane da amsoshin da aka riga aka lissafa, sai dai awon da ke ciki wani ne ya zaɓa, a kan tuli da tsarin kyauta da wataƙila ba su ne a gabanka ba.

16 ga Nuwamba

Wannan shi ne babin da nake ganin darasin zai tsaya a kansa, don haka zan rubuta shi a tsanake.

A wasan mutum biyu, abin da na ci shi ka rasa. Idan na tsaya a kan daidaito, duk kuskuren da ka yi ko dai ya amfane ni ko ya bar ni inda nake. Ba yadda za ka yi ka cuce ni ta hanyar yin wauta. Wannan tabbaci shi ne ya sa kalmar daidaito take da kwarjini.

A koma teburin mutum huɗu masu 2,500. Manhaja ta ce mini in tura da hannuwa masu yawa, saboda ta lissafa cewa na gabana ya san yana bukatar kashi 65, don haka zai janye kusan koyaushe. To, a ce bai sani ba, ko ya sani bai damu ba, ya amsa da hannun da muke kunnen doki. Rabin lokaci ina da 38.3, rabin lokaci sifili, matsakaici 19.2. Shi ma 19.2. Kowannenmu ya sauko daga 25, ya yi asarar 5.8. Ina kuɗin suka tafi? Wurin mutum biyun da suka naɗe hannu suna kallo, kowannensu ya tashi daga 25 zuwa 30.8 bai taɓa ƙwandala ba.

Kuskuren nasa ne, amma tare muka biya. Na bi abin da allo ya ce sak, kuma da na san halinsa da janyewa ta fi mini. Babu wani gyaran lissafi da zai toshe wannan, domin ba kuskuren manhaja ba ne, yanayin wasan ne idan an wuce mutum biyu kuma kyauta tana da matakai. Amsar da take bayarwa amsa ce ga tambayar “me ya fi idan kowa a teburin yana lissafi kamar ni?” Tambayar da ke gaban ɗan wasa kuwa ita ce me ya fi a gaban waɗannan mutanen, yau. Manhaja za ta iya amsa ta biyun ma, amma sai ka gaya mata yadda suke wasa, kuma wannan sanin ba daga cikinta yake fitowa ba.

Abin da ke damuna da yadda ake tallata waɗannan kaya shi ne launin kore da ja. Hannu ya fito kore, an ce tura. Ya fito ja, an ce janye. Ba a nuna wa mai koyo cewa wani koren ribarsa ƙyas ce, da zaton ya gusa kaɗan zai koma ja, wani kuma kore ne ko me abokin karawa ya yi. A manhajata na cire launi, na sa kowane hannu ya fito da lamba biyu: ribarsa idan ana amsa masa da tsauri, da ribarsa idan ana amsa masa da sakaci.

29 ga Nuwamba

Na juyo kan ICM kansa. Zatonsa na farko yana da tushe mai ƙarfi: idan wasa na adalci ne, damar ka kwashe komai daidai take da kasonka. Na biyun ne ba shi da irin wannan hujja. Persi Diaconis da Stewart Ethier sun yi nazari a kan haka, suka gwada shi da tsohon lissafin karyewar ɗan caca. Na nemi misali mafi ƙanƙanta da ɗalibi zai iya yi a kan allo.

Mutum uku, ƙwandala huɗu: 2 da 1 da 1. Kowane zagaye a zaɓi mutum biyu da ka, a jefa kwabo, wanda ya ci ya karɓi ƙwandala ɗaya. Mece ce damar mai 2 ya fara fita? ICM ya ce sai ƙananan biyu sun zo na ɗaya da na biyu: 1/4 sau 1/3, sau biyu, wato 1/6. A wasan kwabo kuwa, abu shida ne ke iya faruwa a zagayen farko. A huɗu daga ciki wani ƙarami ya fita nan take. A biyu babban ya rasa ɗaya, ya koma ƙarami a tebur mai siffa iri ɗaya. Idan aka warware wannan, amsar 1/7 ce. Kashi 16.7 a wancan, 14.3 a wannan.

Ba ina cewa wasan kwabo shi ne poka ba. Shi ma samfuri ne. Amma samfura biyu masu hankali, a kan tebur mafi sauƙi da za a iya zanawa, sun saɓa da fiye da kashi biyu, alhali manhajar kasuwa tana nuna bambancin hannu da hannu har lamba biyu bayan ɗigo. Kaifin lambar na lissafin ne. Samfurin da aka ɗora lissafin a kansa bai kai haka kaifi ba.

7 ga Disamba

ICM bai san wurin zama ba. Mai ƙaramin tuli da babban zubi zai faɗo wa a hannu na gaba, da wanda ya riga ya wuce shi, daraja ɗaya yake ba su. Bai san zubi zai ƙaru nan da minti biyu ba, bai san wane ne gwani ba. Gyaran da ake yi wa na farkon shi ne FGS: a buga hannuwa kaɗan na gaba a cikin kwamfuta kafin a kira ICM. Na sa zurfin hannu ɗaya a teburin mutum uku, ya yi aiki, ƙaramin da zubi ke jira ya ragu kamar yadda ake zato. Zurfi biyu ya sa kwamfutar ta yi zafi har na kashe ta. Ko an zurfafa, a ƙarshen rassan ICM ɗin nan dai ake tambaya.

20 ga Disamba

Na ƙara wani ɗan sashe a kan iyakar da ba ta lissafi ba ce. A teburin ƙarshe na WSOP ta 2024, an ga Jonathan Tamayo, wanda ya lashe gasar, yana zuwa wurin abokansa a gefen fili inda suke da kwamfuta a buɗe. Ba a ƙwace masa nasara ba, amma surutun da ya biyo baya ya sa masu gasar suka tsaurara doka a kan na'urori a kusa da tebur. Manyan dandalin intanet ma sun haramta neman taimakon manhaja ana tsakiyar hannu. Wurin waɗannan kaya shi ne kafin wasa da bayansa.

Sai kuma lissafi ɗaya da nake so kowane ɗalibi ya yi da kansa, musamman wanda zai iya jin sha'awar abin ta wuce darasi. A biyu yana ci kashi 85. Wanda ya sa tulinsa duka sau biyar a jere da wannan hannu, damar ya tsira duka biyar ɗin ita ce 0.85 sau kanta biyar, kashi 44. Da hannun da ya fi kowanne, sau biyar, faɗuwa ta fi tsira yawa, kuma gasar dubban mutane tana bukatar fiye da haka. Wannan zai shiga shafin farko, kusa da bayanin kason da masu shirya gasa ke cirewa kafin a raba komai.

Babi huɗu sun kammala: ICM, wasan Kuhn, tura-ko-janye, da teburin mutum huɗu. Manhajar yanzu ba ta fitar da amsa sai ta fara jera zaton da aka ba ta a saman shafi. Abin da ya rage shi ne in sake rubuta sashen FGS da yaren C domin ya ɗauki zurfi biyu, in kuma faɗaɗa wasan kwabo zuwa ƙwandala 10 da mutum huɗu, in ga ko tazarar da ke tsakaninsa da ICM tana ƙaruwa ko tana raguwa. Ɗalibai za su karɓi babi biyun farko idan an dawo hutu a Janairu.